Tawada a Farcen Muhsin

Litinin, 3 ga Yuli, 2006, bayan la'asar

Muhsin ya kwana biyu da zazzaɓi. Na ba shi farasitamol, ya amayar da rabi. Damina ce, kusan kowane gida a layinmu akwai yaro a kwance, don haka ban ɗaga hankalina ba. Wannan littafin ragowar wanda aka raba mana a wurin bita ne. Na ce bari in riƙa rubuta zafin jikinsa safe da yamma kamar yadda nake koya wa mata.

Jiya muka gama zagayen ɗigon shan inna. Kwana huɗu ina yawo tsakanin Garo da Dugabau da akwatin sanyi a kafaɗa. Tunda aka hana mu mata hawa acaɓa sai in tsaya bakin titi ina jiran mota, ƙanƙarar tana narkewa ina kallo. Ɓangaren Kabo suka ba ni don a Garo aka haife ni, kowa ya san Bappa Dabo da ya riƙe ni. Unguwarmu ta nan Gwarzo kuwa Zubaidatu ce ke zagaya ta, ƙawata tun makarantar koyon aikin lafiya. Ranar Asabar na dawo na tarar ta riga ta biyo ta gidanmu, ga tawada a farcen ƙaramin yatsan Muhsin na hagu, alamar an ɗiga masa. Karo na tara ke nan. Ina lissafe da su.

Laraba, 5 ga Yuli, da hantsi

Zazzaɓin ya sauka, alhamdu lillahi. Amma ya ƙi yarda in ajiye shi. In na taɓa bayansa sai ya ƙwalla ƙara.

Alhamis, 6 ga Yuli, bayan azahar

Ya ƙi tsayawa. Shagwaɓa ce.

Juma'a, 7 ga Yuli, bayan la'asar

Ba shagwaɓa ba ce. Da safe na kwantar da shi a tabarma na ɗaga ƙafar dama na saki, ta faɗo kamar tsumma. Na mintsini tafin, ya yi kuka, wato yana ji, amma bai janye ta ba. Na ɗaga ta hagu, ya harbe ni da ita. Na sake ɗaga ta dama. Sau nawa na yi haka ban sani ba, sai da Hajiya, mahaifiyar Abban Muhsin, ta fito daga ɗakinta ta ce, “Ummukulsum, ki ƙyale yaron nan haka, kina wahal da shi.”

Na san wannan hoton. Yana cikin takardar da nake nuna wa mata. Amma ba zai yiwu ba, sau tara ne.

Hajiya ta turara masa hayaƙi, ta ce Inna ce ta taɓa shi, a yi maza a nemi mai magani kafin ta shanye ƙafar gaba ɗaya. Ban yi mata musu ba, ba ni da ƙarfin musun. Abban Muhsin ya dawo daga masallaci, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙafar. Na ce, “Malam, ka ga abin da nake gani?” Ya ce, “Allah ya sauwaƙe.” Ya fita. Bai ci abincin rana ba.

Litinin, 10 ga Yuli, bayan azahar

Ni da kaina na je na sanar da Malam Zailani, jami'in da ke bin diddigin yaran da ƙafarsu ta saki. Shekara uku ina kai masa rahoton 'ya'yan wasu. Da na faɗa masa sai ya cire tabaransa ya daɗe yana gogewa.

Ya zo gida da 'yan robobi biyu. Za a ɗebi bayan gidan Muhsin yau da gobe, a sa a ƙanƙara a tura ɗakin gwaje-gwaje, amsa sai bayan mako uku ko huɗu. Ya zauna a zaure da fom a gwiwa, ni daga bayan labule, Abban Muhsin a gefensa.

“Sau nawa aka ɗiga masa?”

Na ce, “Tara.”

“Kin tabbata?”

“Ni ce fa, Malam. Kowane zagaye da idona nake ganin alamar.”

Ya juya ya ce, “Malam Hambali, haka ne?” Abban Muhsin ya ce ai ita ce ma'aikaciya, ita ta san lissafin. Daga nan ya ce yana da awon wake a kasuwa, ya miƙe.

Talata, 11 ga Yuli, da safe

An ɗebi na biyu. Zubaidatu ba ta zo ba. Ta aiko da kunu a fulas.

Juma'a, 14 ga Yuli, bayan la'asar

Ina ta tuna yadda muka yi da Abban Muhsin a kan ɗigon nan. An haifi Muhsin a watannin da aka dakatar da ɗigon a duk faɗin jihar, lokacin da ake cewa an sa masa maganin hana haihuwa. Da aka dawo da aikin na koma, Abban Muhsin bai hana ni ba, amma ya ce kar in shigo masa da kwalbar gida. Wata guda muna jan magana. Ban zarge shi ba. Ƙanwarsa ta rasu a shekarar sanƙarau a wani asibiti a birni, kuma har yau ba wanda ya gaya musu wane magani aka ba ta, ko wa ya ba ta. Rannan sai ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Ba ni zan ɗiga masa ba, kar Hajiya ta ce suruka ce ke ɗura wa jikanta abin Turawa. In masu zagayen unguwa sun zo a ba shi kamar ɗan kowa. Ranar har zabuwa na soya masa don murna.

Da ban matsa ba fa?

Asabar aka ɗiga masa, Asabar zazzaɓin ya fara. Ina ta juya wannan a raina.

Lahadi, 16 ga Yuli, bayan azahar

Zubaidatu ta zo yau, kwana tara da faruwar abin. Ta rame. Ta zauna a bakin ƙofa ba ta cire hijabi ba. Na miƙa mata Muhsin, ita da take goya shi har ya yi barci, ta ce tana mura kar ta shafa masa. Na ce, “Zubaida, kwalbar da kika ba shi ranar, kin duba tambarin? Bai yi baƙi ba?” Don in zafi ya taɓa maganin tambarin jikin kwalbar yakan sauya. Ta ce ta duba. Na ce ƙanƙararku ba ta narke ba? Ta ce a'a. Sai ta fashe da kuka, ni na koma ina ba ta haƙuri. Na ce kar ta ɗora wa kanta, ta yi aikinta.

Laraba, 19 ga Yuli, da yamma

Yayana Hammadu ya zo daga Garo da nono da man shanu. Bayan ya duba Muhsin ya ja ni gefe. Ya ce magana ta kai Dugabau. Ana cewa ɗan mai ɗigon ma ya shanye, kwana shida da ba shi.

Ni na jawo. Duk gidan da aka ƙi buɗe min ƙofa, da Muhsin nake buɗewa. Sai in ce, “Ɗana na cikina sau bakwai, sau takwas an ba shi, ku zo Gwarzo ku gan shi yana gudu.” In ɗiga biyu a harshena a gabansu. Akwai wata Badi'a a bayan masallacin Dugabau, mai 'ya'ya uku ƙanana, sai da na yi zagaye huɗu a ƙofarta kafin ta miƙo min su, kuma da sunan Muhsin ta miƙo. Hammadu ya ce mijinta ya rantse in ya sake ganin akwatin sanyi a ƙofarsa sai ya fasa shi.

Asabar, 22 ga Yuli, bayan asuba

Ciwon ya ragu. Ina tsoma tsumma a ruwan ɗumi in naɗe masa ƙafar, in miƙe ta a hankali in lanƙwasa, sau uku a rana, kar ta ƙage. Cinyar ta fara sirancewa.

Jiya bayan la'asar na faɗa wa Abban Muhsin abin da ke cina. Na ce, “Malam, ka yafe min. Ka ce ba ka so, na dage. In maganin ne ya yi masa haka, ni na gurgunta ɗanka.” Na durƙusa a gabansa na faɗa. Ya daɗe yana kallon bango. Sannan ya ce, “Ki bar wa Allah, Ummu. Na yafe miki.”

Na ji sanyi a raina. Na rubuta nan don in tuna alherinsa.

Talata, 25 ga Yuli, bayan azahar

Na rubuta takardar ajiye aiki. Ban kai ba tukuna.

Alhamis, 27 ga Yuli, da la'asar

Hajaratu maƙwabciyarmu, matar mai gyaran rediyo, ta shigo dubiya da 'yarta Kamila a baya, sa'ar Muhsin ce. Hajiya ta tafi gaisuwar mutuwa Getso, mu kaɗai ne a tsakar gida. Tana ta jajanta min, ta ce ita abin da ya ba ta mamaki, yaya aka yi har aka ba Muhsin. Na ce kamar yaya?

Ta ce, “To ai na zaci ku ma irin namu kuke yi. Zubaidatu ai ba ta da matsala, baiwar Allah. In maigida ya ce ba ya so, sai ta shafa wa yaro tawadar a farce, ta yi rubutunta da alli a bango, ta wuce. Ba mai dawowa ya dame ka. Rabin layin nan haka ake yi. Ni sau biyu ma a zaurenku aka shafa wa Kamila, tare da naku, Malam Hambali yana tsaye.”

Sai ta ga fuskata. Ta ce, “Wayyo, ko dai ba ki sani ba?” Ta ce ta bar tukunya a wuta.

Juma'a, 28 ga Yuli

Na dafa. Na share. Na naɗe ƙafar sau uku.

Asabar, 29 ga Yuli, da hantsi

Na durƙusa. Na durƙusa a gabansa na ce ya yafe min, ya ce ya yafe.

Lahadi, 30 ga Yuli, bayan la'asar

Na goyi Muhsin na tafi gidan su Zubaidatu. Tana tankaɗe. Ban yi doguwar gaisuwa ba. Na kwance shi na ajiye a tabarmar da ke gabanta na ce, “Sau nawa?”

Ta ce, “Ummu, zauna tukuna.”

“Sau nawa kika ɗiga masa?”

Ta ajiye rariyar. Ta ce ko sau ɗaya.

Na zaci zan yi ihu. Ban yi ba. Na zauna, ita ke magana. Ta ce tun zagayen farko maigidan ya tare ta a zaure ya ce in ta ɗiga wa ɗansa bai yafe ba duniya da lahira, in kuma ta faɗa min to ta kashe min aure da hannunta. Ta ce ta yi niyyar sau ɗaya ne, kafin ya huce. Ta ce ban san unguwar nan ba, ni ina can inda ake ganin girman Bappana. Ita an watsa mata ruwan wanke-wanke, an kira ta karuwar Yahudu a gaban yara, da yamma kuma a ofis a ce me ya sa gidajenki ba su cika ba, in ba za ki iya ba akwai masu jira. Ta ce daga gidanmu ta koyi abin, da ta ga ya yi sauƙi sai ya zama hanya.

Na ce maganin fa, ina kike kai shi? Ta ce bayan katangar makaranta take matse kwalaben a ƙasa, ta mayar da su babu komai.

Na ce, “Shekara biyu kina cin tuwona. Da hannunki kika yi min lalle ranar sunansa.” Ta ce kullum sai ta yi niyyar faɗa min. Na ce ranar da na tambaye ki tambarin kwalba fa? 

Muhsin ya gane ta, yana miƙa mata hannu yana cewa Anti. Na ɗauke shi muka fito. Ta biyo ni har ƙofa tana cewa, “Don Allah kar ki kai ni gaba, ni ke riƙe da mahaifiyata.”

Litinin, 31 ga Yuli, bayan azahar

Na jira maigidan ya ci abinci. Sannan na ce na je wurin Zubaidatu.

Bai musa ba. Da ya musa ma wataƙila da na fi samun abin faɗa. Ya ce shi uba ne, kuma ya yi abin da ya ga zai kare ɗansa. Ya ce wace irin ƙauna ce wannan, asibiti babu ko maganin zazzaɓi sai ka saya, mace ta mutu a kan gwiwa babu mai kallonta, amma wannan ɗigon kaɗai ake bin mutum da shi har ɗaka kyauta, shekara da shekaru? Ya ce manyan malamai da likitoci sun yi magana a kai, shi wane ne. Na ce an sake gwadawa, waɗanda suka hana ɗin su suka dawo suka ce a ba yara. Ya ce an matsa musu ne.

Na ce, “Duk na ji, Malam. Ka ƙi, da ka ce min ka ƙi. Da na san inda nake. Da na goye shi na kai shi Garo an ba shi, ka sake ni in ka ga dama.”

Ya ce abin da ya guda ke nan.

Na ce, “Ranar da na durƙusa fa?”

Ya ce bai san me zai ce ba ranar. Kuma har yanzu ba wanda ya tabbatar shan inna ce, Hajiya ta ce iska ce. Na tambaye shi ko Hajiya ta sani. Ya ce ita ke riƙe hannun yaron a shafa.

Laraba, 2 ga Agusta, da safe

Mu huɗu muke cin abinci a gidan nan. Uku sun sani. A'a, biyu. Ɗayan bai san komai ba, yana jan gindi yana bin kaza.

Juma'a, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Malam Zailani ya kawo amsa. Shan inna ce, irin mai yawo a gari, ba daga maganin ba. Ya ce yakan faru yaro ya sha sau da yawa bai kama shi ba, musamman mai yawan gudawa, amma tara dai, abin ya tsaya masa a rai. Ya dube ni. Maigidan yana zaune. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Ban san me ya rufe min baki ba.

Asabar, 5 ga Agusta, da yamma, a Garo

Na taho gida. Na ce zan kawo Muhsin ya sha iska, ba wanda ya hana ni. Gero ya yi kai, ko'ina kore. Bappa Dabo ya karɓi yaron ya ɗora a cinya yana shafa ƙafar, bai tambaye ni komai ba sai da aka kawo fura. Na faɗa masa duka.

Ya ce, “Ummukulsum, mijinki ne, uban ɗanki ne. In kika fasa wannan maganar ba ta ɗinkuwa.” Na ce na sani. Ya ce to me kike so? Na ce Bappa, yanzu haka a Dugabau ana cewa ɗigon ne ya karya Muhsin, kuma wata mai zuwa za a sake zagaye.  Sai ya ce shekarar da ciwon bushiya, annobar shanu, ya shigo, akwai wanda ya ɓoye shanunsa a daji ranar allura, ya zo yana cewa an yi musu, garken mutum shida ya kwashe. Ya ce shi ba zai ce min yi ba, ba zai ce min bari ba, amma ɗakin nan nawa ne ko yaushe.

Litinin, 7 ga Agusta, bayan azahar

Na yaga takardar ajiye aikin. Na je Gwarzo, ban biya ta gida ba, na wuce ofishin Malam Zailani na ce ya ɗauko fom ɗin Muhsin. Na ce ya goge tara ya rubuta babu. Na faɗa masa sunan layinmu da na bayansa. Ya riƙe kai. Ya ce kin san abin da zai biyo baya? Na ce na sani.

A mota ina dawowa na yi ta amai ta taga. Wata tsohuwa ta ba ni goro.

Laraba, 9 ga Agusta, da la'asar

An sallami Zubaidatu. Ta aiko min da takarda ta hannun direban motar Garo. Layi biyu ne. Ta ce ta gode, ta ce shi wanda ya sa ta yana nan yana awon wakensa ba abin da ya same shi.

Gaskiya ta faɗa. 

Juma'a, 11 ga Agusta, bayan la'asar

Na roƙi Malam Datti mai unguwar Dugabau ya tara min mata a gidansa. Sun zo sun fi talatin, wasu don su ga ƙafar ne kawai. Na kwance Muhsin na nuna musu. Na ce na sha gaya muku an ɗiga wa ɗana, to ƙarya na gaya muku, ban san ƙarya ba ce. Ko sau ɗaya ba a ba shi ba. Tawada kawai ake shafa masa ina wajen aiki. Wata ta ce wa ya yi haka? Na ce mutanen gida. Ban ƙara ba, amma sun gane, na ga suna kallon juna.

Badi'a ta miƙe, ɗanta a kafaɗa. Ta ce, “Malama, ba don in ɓata miki ba. A da kin ce an ba shi, mun yarda. Yau kin ce ba a ba shi ba. Ke da kike cikin aikin, a gidanki an rufe ki shekara biyu. To mu da ba mu san ko harafi ba, ta yaya za mu san abin da ke cikin kwalbar?”

Na buɗe baki in kawo abin da aka koya mana a bita, na ji ba zai fito ba. Na ce ban da amsar da za ta ishe ki. Abin da na sani, naki uku sun sha sau biyar a hannuna, ga su nan da ƙafafunsu. Nawa bai sha ba, ga shi.

 Da za a watse ta zo ta taɓa ƙafar Muhsin, ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta ce in zagayen ya zo in bari sai mijinta ya tafi gona. Na ce a'a. Na ce in zan zo, yana gida zan zo, in ya ƙi ya ƙi a gabana. Ba zan yi wa wani abin da aka yi min ba.

Lahadi, 13 ga Agusta, bayan azahar

Sun zo biko, shi da kawunsa. Bappa ya shimfiɗa musu a ƙarƙashin dalbejiya, aka kira ni. Kawun ya yi ta magana a kan haƙuri da rufin asiri, ya ce na tona gida a gaban matan ƙauye, amma sun yafe. Sun yafe.

Muhsin ya hango ubansa ya ja jiki da sauri har gwiwarsa ta goge. Ya ɗauke shi, na ga hawaye a gemunsa. Ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da aka binne mahaifinsa.

Bappa ya ce in faɗi abin da ke raina. Na ce abu ɗaya nake so. Ranar Juma'a bayan an idar da salla ya tsaya a ƙofar masallacin unguwa, a gaban mazan layinmu, ya ce ɗansa bai taɓa shan ɗigon ba, kuma shi ya hana. Ba sai ya ce maganin na da kyau ba, wannan tsakaninsa da zuciyarsa. Ya faɗi abin da ya faru kawai, don su mazan ba za su ji daga bakina ba. Kawun ya ce wannan ai tozarci ne. Shi kuwa ya ce in ba shi lokaci.

Juma'a, 18 ga Agusta, da magariba

Hammadu ya yi Juma'a a Gwarzo don ya ji da kunnensa. Ya ce an idar, ya ga Hambali ya miƙe ya tsaya, har ya gyara murya. Sai ya roƙi jama'a su sa ɗansa a addu'a, Allah ya jarrabe shi da lalura. Aka shafa fatiha aka watse.

Yau na rubuta sunansa. Hambali, ba Abban Muhsin ba, ban sakaya ba.

Talata, 22 ga Agusta, da hantsi

Bappa ya kafa wa Muhsin gora biyu a tsakar gida, daidai ƙugunsa. Ya riƙe ya miƙe a kan ta hagu, ta dama tana lilo. Ya yi dariya yana neman a tafa masa. Na tafa.

Juma'a, 25 ga Agusta

Bai faɗa ba.

Lahadi, 27 ga Agusta, bayan la'asar

Ina wanke tsummokaran Muhsin na ji sallama. Hajaratu ce, daga Gwarzo, ita kaɗai, ta sha rana. Ba ta taɓa zuwa Garo ba, tambaya ta yi ta yi har aka nuno mata gidan. Kamila na bayanta. Tun kafin ta kwance goyon na ga yadda ƙafafun ke reto, duka biyun.

Ta ce kwana biyar ke nan. Ta ce da ma'aikata suka dawo layinmu bayan maganata, mijinta ya kulle ƙofa, ya ce ga abin da ya sami ɗan Hambali nan, kuma ai Hambalin bai ce ba haka ba ne. Ta ce ba ta zo don ta ɗora wa kowa ba. An ce mata na iya gashin ƙafa, shi ta zo in koya mata.

Na ɗora ruwa. Na nuna mata yadda za ta gwada ɗuminsa a bayan hannunta, yadda za ta matse tsumman, inda za ta riƙe gwiwa in za ta miƙe ƙafar, da yadda za ta kwantar da ita kar ta lanƙwashe. Na ce gobe da safe za mu je wurin Malam Zailani tare, kuma in ya tambaye ta sau nawa, ta faɗa masa gaskiya. Ta ce to. Na riƙe hannunta muka naɗe ta farko tare, ta biyu ta yi da kanta. Muhsin ya jawo jiki ya zo ya zauna kusa da Kamila yana ba ta ɓawon masara.

Hajaratu ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce, “Maman Muhsin, tsakaninki da Allah, in na dage da wannan za ta taka?”

Na san abin da take so in ce, kuma da a watan jiya ne da na faɗa mata. Na ce, “Ban sani ba, Hajaratu. Wasu suna samun sauƙi, wasu ba sa samu. Nawa kwana hamsin ke nan bai motsa ta ba.”

Ta gyaɗa kai. Ta taɓa tsumman ta ce ya huce. Na ce to a sake tsomawa.